Fadama ba ta san dipatmen ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Allah shi ƙara ma jaridarku albarka. Ni tsohon malamin gona ne, na yi ritaya ina zaune nan Sakkwato, ɗan ƙarfin da ya rage min kuma ina kashe shi ne a wata 'yar fadama da munka gada can gefen gulbin Rima. Ku yi haƙuri da rubutun, da waya nike bugawa, kuma Sakkwatanci ba ya sakin mutum ko ya so, in kun ga munka da sunka ku bar min abina don Allah kar a gyara.

Abin da ya sa ni wanga dogon rubutu ɗiyar ƙanena ce. Yarinya ce mai ƙoƙari, tana mastas kan ilimin ƙasar noma a wata jami'a da ba sai na faɗi sunanta ba, da rani ta zo ta ce Baffa ina son in ɗebi sampul a gonarka don firojet ɗina. Na ce bismillah. Dama akwai wani gefe da ya daɗe yana damuna, ƙasar ta fara yin fari-fari bisa kamar an barbaɗa kanwa, albasa in ta kai nan sai ta tsaya cak, bakin ganyen ya ƙone. Ta haƙa ramukanta, ta ƙulla ƙasa cikin leda ta rubuta lamba, bayan sati uku ta kira ni ta ce Baffa gishiri ne ya yi yawa wurin. Na ce to wannan ai harshena ma ya gaya min, abin da nike son sani daga ina gishirin ya fito, tun da zamanin mahaifinmu babu shi? Ta yi shiru, sannan ta ce wannan sai dai a tambayi masu ilimin ruwa, su ke da na'urar auna ruwan ƙarƙashin ƙasa, su kuma wani dipatmen ne daban, sufabaizanta ma ya ce ta tsaya kan taken da anka amince mata kar ta faɗaɗa. Wallahi ban ga laifinta ba, ban ma ga laifin malamin ba sosai, haka anka horar da shi shi ma. Amma raina ya ɓaci, don amsar tana nan zaune ƙasa da tafiyar minti goma daga inda muke tsaye, bakin wani dattijo masunci da ko aji ɗaya bai taɓa shiga ba.

Na kai ta wurinsa da marece. Yana gyaran koma, ya saurare ta har ta gama, sai ya ce ɗiyata da can duk shekara ruwa na hawowa ya kwanta kan fadamar ga wata biyu ko fi, in ya janye ya bar laka sabuwa, ya wanke ƙasa, ya cika rijiyoyi. Yanzu wata shekara bai hawowa sam, wata shekara kuma ya zo dare ɗaya ya kwashe komi. Ku kuma kun kafa injuna kuna ta zuƙo na ƙasa kuna zubawa, rana tana shanye ruwan tana bar muku gishirin. Shi ke nan fa, ya gama mata babi guda na littafinta yana zaune bisa tabarma. Bai tsaya nan ba, ya ce ita tarwaɗa da kurungu da sauran kifi ba cikin tsakiyar gulbi suke zuba ƙwai ba, sai ruwa ya malala cikin ciyawa suke bi su hayayyafa, 'ya'yan su girma cikin burugu inda manyan kifi ba su kai musu, to ran da ruwa ya bar hawowa ina za su haihu? Shi kuma burugun nan shi ne abincin shanun Fulani da rani, da munka mayar da wurin gonar albasa da tattasai shekara duka, makiyayi ya zo ya tarar babu ciyawa babu hanyar mashaya, sai faɗa. Kun ga abu ɗaya ne ya taɓa ƙasa, ya taɓa kifi, ya taɓa saniya, ya kai mutane gaban alƙali. A jami'a kuwa an raba shi gida biyar, mai ƙasa daban, mai ruwa daban, mai kifi daban, likitan dabbobi daban, mai nazarin zaman jama'a daban, kowa da ofishinsa da makullinsa.

Kuma wannan ba sabon karatu ba ne gare mu mutanen tsohuwar jihar Sakkwato, mun biya kuɗinsa da tsada. An gama dam ɗin Bakolori kusa da Talatar Mafara a 1978, kan gulbin Sakkwato, injiniyoyi sun yi lissafinsu na kankare da yawan ruwa, kuma dam ɗin yana nan tsaye har gobe, ta wannan fannin ba su yi kuskure ba. Abin da ba a lissafa da kyau ba shi ne mutanen da za a tayar daga gonakinsu, da kuma dubban manoma da masunta da ke can ƙasa da dam ɗin waɗanda rayuwarsu kaf ta dogara ga hawowar ruwa. Rigimar diyya ta kai ga abin da ya faru a 1980, da 'yan sanda sunka buɗe wuta kan manoma anka rasa rayuka, duk wanda ya kai shekaruna ya san labarin. Daga baya wani Bature masanin labarin ƙasa, William Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da dam ɗin ya rubuta yadda raguwar ambaliya ta rage noman shinkafa da kamun kifi da noman rani, mutane sunka koma gero da dawa a inda da shinkafa suke ci. Da a ce tun wurin zana aikin an zaunar da mai ilimin kifi da mai ilimin zaman jama'a kusa da injiniya, kuma shi injiniyan an koya mai tun yana ɗalibi cewa maganarsu aiki ce ba surutu ba, da wataƙila an tsara yadda za a riƙa sakin ruwa lokacin da fadama ke buƙatarsa. Haka ta faru a Haɗeja da Nguru bayan gina dam ɗin Tiga da na Challawa, ruwa ya bar hawa da sauka yadda ya saba, ciyawar kacala ta samu wuri ta toshe hanyoyin ruwa, jan baki ya samu masauki cikinta yana fitowa yana cinye hatsin mutane. Wa ya taɓa zaton gina dam a Kano zai ƙara ma tsuntsu ƙarfi a Yobe?

Bari in kawo wani misali da ya fi ba ni haushi, don ni kaina na yi shekaru ina yaɗa shi cikin ƙauyuka da bakina. Bayan farin 1972 zuwa 1974, wani babban masanin yanayi na Amurka mai suna Jule Charney ya fito da bayani a 1975, cewa in dabbobi sunka cinye ciyawa ƙasa ta zama fili fari, hasken rana sai ya riƙa komawa sama maimakon ƙasa ta sha shi, iska ta daina tashi, hadari ya daina haɗuwa. Lissafinsa mai kyau ne, mutum ne da ya san sama ƙwarai. Amma da maganar ta iso gare mu sai ta koma Bafillace da akuya su ne sunka kori ruwa, mu kuma malaman gona munka ɗauka muna ta wa'azi da ita. Sai a 2003 wata masaniya, Alessandra Giannini, da abokan aikinta sunka nuna cewa babban abin da ya jawo farin shekarun 1970 da 1980 a yankin Sahel canjin ɗumin ruwan teku ne, can tekun Atlantika da na Indiya, inda ko saniya ɗaya babu. Abin da ke faruwa bisa ƙasa yana ƙara ma abin tsanani, ba a ce ba ya da hannu ba, amma tushen yana teku. Kusan shekara talatin an bar jaki ana dukan taiki. Su kuma masu nazarin kiwo da sunka zauna da makiyaya sun daɗe suna cewa yawon da Bafillace ke yi dabara ce ta zama a ƙasar da ruwanta ba ya da tabbas, sai dai su da masu lissafin sama ba jarida ɗaya suke karantawa ba, ba taro ɗaya suke zuwa ba.

Yanzu kuma lamarin ya sake salo. Wani bincike da anka buga a 2017, da hotunan satalayit na shekara talatin da ɗoriya, ya nuna manya-manyan hadarin nan masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982, kuma sun danganta abin da yadda Sahara ke ƙara zafi. Mu nan ba mu buƙatar satalayit kafin mu yarda. A watan Satumba na 2010 ruwa ya ci ƙauyuka a Goronyo da Wurno da Kware da sauransu, ya yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo har sai da anka koma shiga kwalekwale, bayan shekara takwas kuma a 2018 ruwan dam ɗin Goronyo ya ja baya har hankalin mutanen birni ya tashi kan ruwan famfo. Dam ɗaya, gulbi ɗaya. To wane ɗalibi ne za a ce ya yi mana bayanin wannan? Mai karatun yanayi zai gaya maka ruwan da ya zuba, amma nawa ne ƙasa ta sha nawa ne ya gudu, wannan ya danganta da ko akwai sabara da kalgo bisa tudu ko an sare an bar fako, shi kuma saran ya danganta da kuɗin gas da kalanzir da yadda matan gari ke dafa tuwo. Sannan ruwan Rima ba namu ba ne mu kaɗai, wani reshen daga Katsina yake fitowa ya shiga Nijar ya bi ta Maraɗi ya sake dawowa Najeriya, ke nan ko Faransanci ma yana cikin kayan aikin wanda ke son ya san gulbin nan da gaske.

Wani abin da ba ni mantawa shi ne gubar dalma ta Zamfara a 2010, yankin Anka da Bukkuyum, inda yara fiye da ɗari huɗu sunka rasu saboda ana niƙa duwatsun zinari cikin gidaje. Kafin yara su fara faɗuwa agwagin ƙauyukan ne sunka fara mutuwa, mutane sun gani, amma ba wanda ya ɗauka saƙo ne. Da akwai wani ma'aikaci ɗaya a yankin da anka koya mai cewa mutuwar agwagwa na iya zama labarin ƙasa da ruwa da lafiyar ɗan Adam, da ya ɗebi ƙasa ya aika gwaji tun da wuri. Da anka tashi maganin abin kuwa sai da likitoci da masu ilimin duwatsu da masu kwashe gurɓatacciyar ƙasa da sarakuna da malamai sunka haɗu, don in ka ba yaro magani ka mayar da shi gidan da ƙurar take ai aikin banza ka yi. Wato dole ta sa an haɗu bayan an yi hasara, ni kuma tambayata mi zai hana a koya ma yaranmu haɗuwar tun suna aji.

Na san za a ce to ina anka taɓa yin haka ya yi amfani. Ku tsallaka Illela ku shiga Konni ku miƙa Maraɗi. Wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya yi ta dashen itace a can suna mutuwa, sai a 1983 ya lura cewa 'yan kututturan da manoma ke sassabewa duk shekara ba ciyawa ba ne, itatuwa ne masu rai da saiwarsu ke ƙasa tun da daɗewa, in ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka rage sauran ka kare su, cikin 'yan shekaru ka samu itace ba ka sayi ko leda ɗaya ta dashe ba. Su can sassaben zamani suke ce mai. Masu bincike da sunka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Amma abin lura, ilimin itace kaɗai bai isa ya kawo wannan ba. Da can manomi na ganin itacen da ke gonarsa na gwamnati ne, in ya taɓa shi ma'aikacin daji ya ci shi tara, to don mi zai raina abin da ba nasa ba? Sai da wannan ya sassauta, mutane sunka tabbata itacen nasu ne, sannan abin ya bazu. Ka ga nan akwai ilimin tsiro, akwai doka, akwai sanin halin mutane, akwai mai karanta hoton satalayit da ya zo ya tabbatar. Shi Rinaudo da wani manomi na Burkina Faso, Yacouba Sawadogo, wanda ya farfaɗo da fako da 'yan ramukan zai da ake zuba ma taki, shekara ɗaya anka ba su wata babbar lambar yabo ta duniya a Suwidin, 2018, ɗaya ya yi jami'a ɗaya bai yi ba.

Ni kuwa a nan in faɗi gaskiya kaina, na yi shekaru ina cikin masu gangamin dashen itace, a zo da manya a dasa dogon yaro da turare a ɗauki hoto a watse, kafin watan uku awaki sun gama da su. Ga gawo nan tsaye cikin gonakin mutane, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar ma gero rana, ya yi ganye da rani ya ba dabba inuwa da 'ya'ya, ya kuma ƙara ma ƙasa ƙarfi, kowane tsoho ya san geron gindin gawo ya fi kyau, amma ba a taɓa aiko mu mu ƙirga gawo ba, adadin ledar da munka raba ake tambayarmu. Allah shi yafe mana.

To mi nike nema? Ba sabuwar jami'a ba, ba kuma sabon gini mai gilashi ba. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tun 1975 take, tana da tsangayar noma, tana da ta likitan dabbobi, tana da ta kimiyya, ga masu labarin ƙasa, ga masu nazarin zaman jama'a, ga masu Hausa da Larabci, ga cibiyar binciken makamashi, kuma Allah ya ajiye ta bakin fadama, ɗalibi kullum sai ya ratsa Kwalkwalawa kafin ya shiga aji. Ga jami'ar jiha, ga kwalejoji, ga maƙwabtanmu na Kebbi da Zamfara. Kayan miya duk suna nan, haɗa tukunyar ya rage. Kuma akwai inda za a leƙa a koyo, cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974 take, sunanta ma haɗi ne na noma da ruwa da yanayi, an kafa ta ne bayan wancan fari don an gane ba a raba ukun nan. Akwai shirin WASCAL da Jamus ke tallafa ma, wanda ke tara ɗaliban Afirka ta Yamma kan canjin yanayi, yana da reshe a Minna da Akure. Bayero ta Kano na da cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Mu da hamada ke shaƙa a wuya ta Gada da Illela da Tangaza da Gudu, mu ya kamata a ce ana zuwa koyo wurinmu.

Abin da nike gani, duk ɗalibin da zai yi mastas ko dakta kan wani abu da ya shafi ƙasa ko ruwa ko daji ko dabba ko kifi, kafin a amince mai da take a haɗa su rukuni-rukuni, mutum biyar ko shida kowa daga dipatmen daban, a ba su yanki ɗaya na gulbi, misali daga Wurno zuwa Wamakko, su yi damina guda da rani guda suna zuwa tare, tambaya ɗaya suke bi amma kowa da idonsa. Mai ƙasa ya koyi sa ma'aunin ruwa cikin rijiya ya karanta, mai kifi ya koyi buɗe hoton satalayit a kwamfuta ya ga inda ruwa ya kwanta bara da bana, mai kwamfutar kuma a cire mai takalmi ya shiga laka ya ga abin da yake kira kore a allonsa ko shinkafa ce ko kacala. Kowannensu a tsare shi ya iya lissafin alƙaluma da gaske, don na ga yara da yawa suna kai data shagon wani ya matsa musu ya ba su tebur su manna ba su san mi ke ciki ba. Sufabaiza ya zama biyu daga fanni biyu, kuma hukumar jami'o'i ta yarda aikin da malami ya yi da ɗan wani dipatmen ya shiga lissafin ƙarin girmansa, don muddin ba ya shiga ba mai ɓata lokacinsa, kowa tasa ta fisshe shi. Sannan, wannan shi ya fi min muhimmanci, kar a ba yaro shaidar kammalawa sai ya koma ƙauyen da ya ɗebi sampul ya tsaya gaban mai gari da sarkin ruwa da sarkin noma da arɗo ya yi musu bayanin abin da ya gano da Hausa, ko da Fillanci in ya iya, su yi mai tambayoyi. Na rantse wannan jarrabawar ta fi ta gaban farfesoshi wuya. Mu mun gaji da masu zuwa da farar mota da fom su tambaye ka buhu nawa ka samu bara su tafi, wata shekara wasu su zo da fom iri ɗaya, ba ka sake jin ɗuriyar ko ɗaya.

Wani abu kuma da ke tafiya da wannan, a samu wurare tsayayyu da za a riƙa aunawa duk shekara ba fashi. Ɗalibi shekara biyu yake yi ya tafi, ita kuwa ƙasa canjinta sai a shekara goma ko ashirin ake gane shi. In rukunin bana sun auna zurfin rijiya goma sun ƙirga gawo da sabara cikin fili kaza sun rubuta irin kifin da ya fito kasuwa, na baɗi su dawo wurin nan dai su sake, a ajiye a inda kowa zai iya buɗewa, ba cikin kabad ɗin ofis da gara za ta ci ba. Ma'aunin ruwan sama ɗan gwangwani ne, makarantar firamare ma na iya riƙe shi, yaran su riƙa rubutawa. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina duk shekara kuma suna ƙoƙari, amma hasashe na ƙara kyau ne in akwai masu auna abin da ya sauka ƙasa wuri-wuri.

Na san abin da wasu malaman jami'a za su ce, na ma ji shi da kunnena wurin wani ɗaurin aure, wai in ka koya ma yaro komi da komi zai fito bai iya komi ba. Akwai gaskiya ciki, ba ni son likitan dabbobin da bai iya allura ba don ya tafi koyon taurari. Yaro ya riƙe fanninsa da kyau ya nutse ciki, abin da nike cewa ya san yaren maƙwabcinsa daidai yadda zai gane lokacin da matsalar ta fita gonarsa ta shiga ta wani, ya kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba tare da jin kunya ba. Kuma abin mamaki ne a ce a Sakkwato ake jin tsoron wannan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ke kwance a Wurno ya yi rubutu kan fiƙihu da mulki da tarihi ya kuma yi kan magani, ya zaunar da mutane garuruwan ribaɗi ya ƙarfafa noma da sana'a, malaman zaure har yau mai karanta fiƙihu shi ne ke lissafin gado shi ne ke gaya ma manomi tauraron da ake ciki. Raba ilimi ɗaki-ɗaki a kulle baƙo ne gare mu, tare da allo da alli ya zo.

Maganar kuɗi kuma, kar a ce babu. Akwai shirin ACReSAL na Bankin Duniya, dala miliyan 700 na jihohin Arewa 19 da Abuja, kan gyaran ƙasa da ruwa ne kacokan. Akwai hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da Sakkwato ke cikin jihohi 11 da take aiki, ga hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, ga asusun tallafa ma manyan makarantu, TETFund. Ɗan abin da za a yanka daga kuɗin wokshop na otal ya isa ya ɗauki rukunin ɗalibai shekara guda da kuɗin mota da na gwaji. Matsalar da na yarda babba ce ita ce tsaro, ba mai hankalin da zai tura ɗiyan mutane dajin Isa ko Sabon Birni yanzu, Allah shi kawo mana sauƙi. Amma a fara da inda ake iya zuwa, Kware da Wamakko da Dundaye da Bodinga duk ana zuwa a dawo, mutanen da sunka baro gabas ɗin ma suna nan cikin gari, a zauna da su a rubuta abin da sunka sani na dazuzzukansu da tafkunansu tun tsofaffin na raye. Ita kanta rashin tsaron wani ɓangare nata daga burtali da mashaya da fadama ta faro, ko da yake ta daɗe da wuce nan.

Ita dai ɗiyar tawa ta gama ta samu shaidarta, babin dattijon nan bai shiga littafin ba don an ce ba ya cikin take. Amma ta ce bayan sallah za ta dawo da wata ƙawarta mai karatun ruwa su sa bututu biyu cikin gonar su riƙa auna zurfi duk wata, da kuɗin aljihunsu, ni kuma na ɗauki nauyin rubutawa ran da ba su nan tun da ido bai gama mutuwa ba. Na gaya ma dattijon ya ce shi ma a ba shi littafi jikansa zai riƙa rubuta mai ranar da ruwa ya hau da ranar da ya janye. In akwai wani malami ko shugaban dipatmen da ya karanta wannan yana son ya turo ɗalibansa, Malam Edita na bar lambata wurinku ku ba shi, gonar ba ta da girma amma akwai inuwar mangwaro da randa.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin gona,
daga Sakkwato.